Kunun da Kaka Ta Ƙi Sha

Kakata ta rufe bakinta, kuma duk gidanmu an rasa mai buɗe shi. Wannan fa matar da a da sai Baba ya roƙe ta ta yi shiru kafin ya ji labarai a rediyo. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta bayan babbar salla, magana ta tafi, hannun dama ya tafi, yanzu abinci ma ya bi su. Likita ya gaya wa Baba cewa idan ba ta fara ci ba zuwa Litinin, sai a kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. Ita kuwa tun tana da lafiya, ranar da ta dawo daga duba ƙanwarta a asibiti, ta tara mu ta ce ko hankalinta ya gushe kada a bari a yi mata haka. Baba ya yi mata alkawari. Ni shaida ne, ina wajen ina kankare ƙanzon tukunya.

Yau Lahadi.

Da muna ƙanana, a gidanmu na Kurmin Mashi babu abin da muke addu'a kamar a ɗauke wuta. Da an ɗauke bayan magariba, unguwa gaba ɗaya sai ta ɗauki tsaki, mu kuwa sai tsalle. Kaka za ta jawo kurfoti baranda, ta hura gawayi, ta jera masara ɗanya a kai. Ruwan damina na dukan kwano, hayaƙi na shiga ido, ni da ƙanwata Husna da yaran maƙwabta mun kewaye ta kamar ana rabon gado. Malaminmu ya taɓa ba mu labarin wani masani a Turai da ya koya wa kare zubar da miyau da zarar ya ji ƙararrawa. Na ce a raina, bawan Allah ya wahalar da kare a banza. Da ya zo layinmu ya kashe fitila kawai, da ya samu miyau cikin bokiti. Ni har yau ko a aji fanka ta tsaya, sai na ji ƙamshin masara.

"Kai, mijin banza, matso da mafici," haka take ce mini. "Miji ba cefane, ba fifita?"

"Na fasa auren, Kaka. Kin tsufa."

"Fasawa ta nawa ke nan yau? Ci masarata ka ƙoshi tukuna, sai ka fasa da ƙarfinka."

Ba ta fara labari yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta buga mafici a gwiwa ta ce, "Wanda ya bar kunnensa a ɗaki ya je ya ɗauko." Mu kuma mu ce, "Ga su nan, har mun wanke!"

Labarin da ya fi ba mu haushi shi ne na Tabawa mai kaji. Tabawa tana da kaji cike da gida, tana kuma da wata tsohuwar ƙwarya. Kullum da yamma sai ta zuba tsaba a ciki ta ƙwanƙwasa, ƙwas ƙwas ƙwas, kaji su taho a guje daga ko'ina, har da masu ɗingishi. Suna ci a tafin hannunta, wasu su hau mata kai. Wata rana ta yi baƙi, tana son yanka, ga ta da ciwon gwiwa ba ta iya bin kaza. Sai ta ce, me zai sa in wahala? Ta ƙwanƙwasa ƙwarya. Suka zo, ta cafke ɗaya. Abin ya yi mata daɗi. Da suna ya taso, ƙwas ƙwas. Da surukai suka zo, ƙwas ƙwas. A nan Kaka takan rage murya ta juya masara a hankali. "Tabawa tana zaton ita kaɗai ke lura," in ji ta. "Ashe kaji ma suna karatu."

Rannan sai hadari ya taso, baƙi ƙirin, irin wanda ke tafiya da rumbu. Tabawa ta fito da gudu don ta tara kajinta a akurki. Ta ƙwanƙwasa ƙwarya da dukan ƙarfinta. Kaji suka ji, suka watse cikin jeji. Tana ƙara bugawa suna ƙara nisa. Tana kuka tana cewa wallahi yau ba yanka ba ne, ceto ne. Ruwa ya sauko ya tafi da su duka.

"Shi ke nan?" Husna takan tambaya, hawaye har cikin masara.

"Gawayi ya mutu, labari ya bi shi."

"To me ya kamata ta yi?"

"Ku je ku tambayi kajin."

Ni dai a lokacin hukuncina ɗaya ne: kajin nan wawaye ne, kuma da ni ne Tabawa da na cinye su tun kafin hadari.

Da Kaka ta dawo daga asibiti, kunun gyaɗa kaɗai take sha da daɗi, a kofinta na silba. Magani kuwa tofar da shi take yi, har ta taɓa samun Baba a tabarau. Sai Mama da Baba suka yi shawara: a murƙushe ƙwayoyin da bayan cokali a dama a cikin kunun. Da farko ta sha ba ta gane ba, kowa ya ji daɗi. Sai aka ƙara mata wata ƙwaya mai ɗacin tsiya. Ta sha, ta yi amai har jikinta na rawa.

Washegari ta ga kofin, ta kawar da kai. Aka canza kofi, ta ga cokali, ta datse haƙora. Aka kawo fura, aka kawo shayi, aka yi farfesun kifi wanda ƙamshinsa ya sa maƙwabta suka shigo gaisuwa da almuru. Babu. 'Yan uwa daga Rigasa suka zo da ruwan addu'a a gora, shi ma sai da aka shafa mata a leɓe. Har ta kai ko ƙarar silifas ɗin Mama ta ji, sai ta juya fuska bango. Na tarar da Mama a kicin tana kuka a kan tukunya.

"Shekara da shekaru ina dafa wa Inna abinci," ta ce. "Yau ni take gudu kamar na zo da guba."

Na gwada nawa. Na yi mata rawa. Na ce zan auri mai ƙosan bakin titi, wadda ta fi ta haƙora. Na kwanta a ƙasa na ce na mutu, ta tashi ta yi mini takaba. Ta bi ni da ido kawai. Idon ya faɗa ciki, zoben azurfarta har yana zamewa daga yatsa. Na fita bayan gida na yi abin da ba zan rubuta ba, don Husna na iya karanta wannan.

Jiya da la'asar ina zaune a ɗakinta ina kore mata ƙuda. Babu kowa sai ni, babu kofi, babu kwano. Can a kicin Mama na haɗa wa Baba shayi, cokali na bugun kofi, ƙal ƙal ƙal. Sai na ga Kaka ta runtse ido, ta matse leɓe, maƙogwaronta na motsi kamar za ta yi amai. Shayin ma ba nata ba ne.

Na fita na sami Baba a baranda, ya tasa takardar asibiti a gaba ba ya karantawa.

"Baba, ka san labarin Tabawa mai kaji?"

"Habibu, ba lokacin shirmenka ba ne."

"Wallahi ba shirme ba ne. Ba abincin ta ƙi ba. Mun ƙwanƙwasa mata ƙwarya ne mun cafke ta."

Ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallon ƙasa, har na fara shirin gudu.

"Ni ta fara ba wa labarin nan," ya ce. "Ina ƙarami kamar Husna." Ya kira Mama. "Daga yau kada a sake sa komai a abincinta. Kada ta sake jin cokali. Magani kuma ni zan riƙa ba ta, a fili, da hannuna."

"Za ta tsane ka," in ji Mama.

"Ta tsane ni. Ta dai ci abinci."

Yau da safe ya shiga da ƙwayoyin a tafin hannu. Ya durƙusa ya ce, "Inna, magani ne. Yana da ɗaci. Ni na kawo, ba kowa ba." Aka sha fama. Ta yaƙushe shi da hannun hagu, ta haɗiye, ta juya masa baya. Ya fito yana share fuska, wai zufa ce.

Da hantsi na shiga da ayaba cikakkiya a aljihu. Ban kalle ta ba. Na zauna gefen katifa na ɓare, ina ci ina santi kamar wanda ya shekara a kurkuku. Na ce, "Kada ma ki kalle ni, tsohuwa. Ta amaryata ce." Na ci rabi. Na ajiye hannuna a kan gwiwa da sauran, na shiga kallon silin. Sai na ji yatsu masu sanyi sun kama wuyan hannuna. Ta ja shi zuwa bakinta. Ta gutsira kaɗan, abin da ɓera ma zai raina. Ta daɗe tana mamulawa. Ta haɗiye. Ta ƙara.

Na so in yi ihu har a ji ni can unguwar Kinkinau, amma na ce, "Ɓarauniya."

Yanzu na gane kajin Tabawa ba wawaye ba ne. Jiki yana koyo ba tare da ya nemi izinin mai shi ba, yana koyo da sauri, kuma ba ya jin rantsuwa. Sai dai a bi shi a hankali, a yi ta kawo masa alheri babu tarko, har ya yarda. Matsalar ita ce mu zuwa gobe kaɗai muke da lokaci, kuma ban sani ba ko guntun ayaba zai ishi likita.

Da na fito, Baba na tsaye a bayan ƙofa, ya maƙale jikin bango don kada ta hango shi.

"Ta ci?" ya tambaya da raɗa.

"Ta ci, Baba. Shigo ka gani."

Ya ɗaga ƙafa, sai ya mayar da ita.

"A'a," ya ce. "In ta gan ni za ta rufe baki. Koma ka ƙara mata. Ina jin ku daga nan."