Kawu Habu da Mutanen Amalanke

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Habu ya san ba ya tayar da ita sai ya leƙa but ɗin bayanta ya ga jarkar ruwa, igiya da ƙullin kilishi. Ko kanti za shi nan cikin garinmu Greenbelt, a jihar Maryland. In ka tambaya, sai ya ce Turawan da suka nufi yammacin ƙasar nan da amalanken shanu a zamanin da, rashin irin wannan tanadi ne ya kashe da yawansu. Yayan mahaifiyata ne, jikan fatake, kuma tun yana fassarar labarai a gidan rediyo tarihin mutanen nan ya shiga ransa. Fataken Turawa yake ce musu.

Wata rana da rani muka maƙale a cunkoson babban titin Beltway, na fara mita. Ya ce in ji kunya, mutane sun yi wata da watanni a ƙasa suna bin shanu, ni ga ni cikin sanyin mota. Na ce, "Kawu, su ai tafiya suke, mu a tsaye muke." Ya miƙa hannu ya kashe na'urar sanyi, wai don in fahimci darasin da kyau. Haka muka isa Springfield jiƙe sharkaf.

Sai shekarar da ya ce da Sallah abincin matafiya za a ci. Ya sayo tukunyar ƙarfe, ya hura gawayi a baranda, ya ɗora wake. Ya kuma gaya wa matarsa, Hajiya Rabi, cewa asali da busasshen kashin ɓauna suke girki, zai tambaya ko ana samu. Ta ce ranar da ya shigo da shi, a Gaithersburg za ta kwana wajen 'yarta. Hayaƙi ya tayar da ƙararrawar gobara ta benen, 'yan kwana-kwana suka iso, Kawu ya tare su da faranti. Ɗayansu ya ɗanɗana don ladabi ya ce waken bai nuna ba. Kawu ya ce, "To ai ku kuka katse shi."

Amma son da yake wa matafiyan bai rufe masa ido ba. Yakan ce ƙasar da suka je ci ba kango ba ce, da masu ita. Shi ya sa in ana kallon fim ɗin kaboyi a gidansa, 'yan asalin ƙasar yake goya wa baya, kuma da ya ga sojoji sun ɓullo sai ya kashe talabijin. Jikokinsa su yi ta magiya da Turanci, shi kuwa ya ce, "A gidana dai ba a ci su da yaƙi ba."

Da ya ajiye aiki, ya ɗauri aniyar zuwa jihar Wyoming ya ga inda ƙafafun amalanke suka ci dutse, sawun yana nan har yau. Suka kama hanya shi da Hajiya. A duwatsun West Virginia jiri ya ɗebe shi, ita ta tuƙo su gida. Mun yi ta yi masa tsiya, ya ce ai Yamma ya je, sunan jihar ma shaida ne. Ashe ƙoda ce. Wankin ƙoda ya ɗaure shi a gari ɗaya, tafiyar ba ta sake yiwuwa ba.

Da na je duba shi a asibiti, na ce in ya warware ni zan tuƙa shi har can. Ya dube ni ya ce, "Kai dai ka je, ɗan nan. Ni daga Kano na taso, na ci rabona na yamma."

A nan Maryland muka rufe shi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya sauka a zango mai ni'ima, Ya ba Hajiya haƙurin shirun gidan.