Gangar da Dutse Ya Juya Wa Yaya Mutari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mutari, amma har yau in salula ta yi ƙara da tsakar rana sai na tuna da shi kafin in ɗauka. Masu karatu ku yi mini haƙuri, ni ba gwanar rubutu ba ce, a kwaleji na tsaya. Kuma ba baƙin ciki kaɗai ya sa na ɗauki biro bana ba. Ƙyashi ne ya cika mini ciki, kuma aminiyata Mariyama nake yi wa.

A shekarar farin nan da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, dabbobin ƙauyenmu na wajen Guna sun kai ga cin leda. Maza suka riƙa fita da amalanke neman busasshiyar ciyawa, kullum ana ƙara nisa. Ranar da abin ya faru ina gida hutun lakwal, wato makarantar boko. Yaya ya ɗaura wa bijiminmu amalanke ya fita, salularsa a aljihu. Ta Baba kuwa tana hannuna, don ni ce mai karanta masa sunayen masu kira.

Rana ta take sai ga kiran Yaya. Ya ce, "'Yar lakwal, kar ki gaya wa Inna tukuna. Amalanke ta yi kwanciyarta bisa ƙafafuna, na yi lallashi ta ƙi tashi." Haka yake, ko a bakin wuta sai ya yi ba'a. Amma na ji numfashinsa, na san abin ba na wasa ba ne.

Na ari salular maƙwabci na kira 'yan pompiye, masu kashe gobara da ceto, na Damagaram. Wanda ya ɗauka mutum ne mai haƙuri. Ya fara da Faransanci, da ya ji yadda muryata take sai ya koma Hausa. "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, motarmu za ta fito yanzu. Amma a ina yake?" Na tambayi Yaya. Ya ce, "Ga dutse a damana, ga dutse a haguna. Ki ce musu ina tsakiya."

Duk wanda ya san ƙasar Damagaram ya san duwatsunmu, kamar uwa ɗaya ta haife su. Mu da ruwa da itace muke kwatance: tapkin kaza, gawon wane, gindin aduwa. To fari ya shanye tapkuna, an sassare rassan gawo an ba awaki har duk suka koma kututture iri ɗaya. Sawun amalanke kuma ya hau kan sawu, ba a gane na kowa. Daji ya zama fuska ba ido ba hanci. Motar pompiye ta iso ƙauye kamar yadda aka alkawarta, amma daga nan ina za ta nufa?

Baba Ɗan Jimma makaɗin garinmu ne ya kawo dabara irin ta dā. Ya rataya gangarsa muka shiga daji, ni a tsakiyar maza da salula a kunne. In ya kaɗa sai kowa ya yi tsit, ni kuma in tambayi Yaya ko ya ji. A gindin wani babban dutse aka yi sa'a. Ya ce, "Na ji! Daga gabas take zuwa. Ki ce wa Baba Ɗan Jimma hannunsa ya tsufa." Maza suka yi dariya har da hamdala. Dattawa suka ce tunda daga gabas yake jin mu, to muna gabas da shi, sai mu nausa yamma.

Muka nausa. Ya ce sauti yana raguwa. Muka karkata, ya ce yanzu kamar daga kudu. Muka sake karkata. Can ya ce batir ya kusa ƙarewa, kuma yana jin ƙishi. Abin da ya faɗa mini na ƙarshe shi ne, "Ku ci gaba da kaɗawa, ina jin daɗinta." Daga nan kira bai sake shiga ba.

Sai da safe aka same shi, a bayan wancan babban dutsen da muka fara tsayawa. Dutse ɗaya ne tsakaninmu. Ashe muna yamma da shi, sautin gangar ya tsallake kansa ya doki dutsen gabas ya dawo masa. Yaya bai yi ƙarya ba, dattawa ba su yi kuskuren lissafi ba. Da gaskiyarmu muka ba shi baya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan na koma kwaleji, wata rana mushenmu, wato malaminmu, yana bayanin yadda salula take aiki. Ya ce kowane kira ta antan yake bi, dogon ƙarfen nan mai ba da rezo, wato sabis na waya, kuma a inda aka tsara abin, daga antan-antan ɗin ana iya gane wurin da mai kira yake a miƙa wa masu ceto. Ban iya ƙarasa darasin ba. Ashe duk yawon da muka sha, ƙarfen da ke tsaye a bakin hanya yana jin muryar Yaya, ya kuma fi mu sanin ɓangaren da take fitowa. Ba wanda nake zargi. A lokacin babu mai tambayarsa, shi kuma ba baki gare shi ba.

To kwanan baya Habu mijin Mariyama ya faɗi da moto, wato babur, a dajin wajen Gidimuni, ƙafa ta karye, ba kowa kusa. Ya danna salularsa ya tura wa ƙaninsa wurin da yake. Wani ɗan jan ɗigo ya fito a kan taswira, aka bi ɗigon aka ɗauko shi. Kafin la'asar yana gidan likita yana mitar an bar masa moto a daji.

Unguwa duka ta je barka ban da ni. Mariyama tare muka yi lakwal, ita ta kwana riƙe da hannuna ranar sadakar uku ta Yaya. Amma in na ɗauki mayafi sai in ajiye shi in koma in zauna. Ta katanga nake jin Habu yana cewa kunu ya yi ruwa, sai in ji kamar an soke ni. Wallahi ban so ya mutu ba. So nake a ce Yayana ne yake ɗingishi yana kushe kunu. Me Habu ya fi shi? Wayo ko ibada? Shekaru kawai ya fi shi, ya faɗi a zamanin da salula ta koyi nuna wuri. An ce hassada ga mai rabo taki ce, na sani, amma sanin bai sauke mini dutsen da ke ƙirjina ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da wannan zamani. Na san dariya zai yi, ya ce, "Wato yanzu ba a iya ɓata? To ina mutum zai ɓuya in Inna ta aike shi?" Daga nan kuma shi zai riga kowa zuwa gidan Habu, ya zauna ya tsokane shi har ya manta da ciwo. Bai taɓa duban rabon wani da wutsiyar ido ba.

Bana ma damina ta yi gardama, na ga amalanke sun fara fita da sassafe, tsoro ya dawo mini sabo. Shi ya tura ni gidan Mariyama. Ta dube ni ta ce, "Sai yau, uwar ɗakina? Har ƙafar ta kusa warkewa." Na buɗe baki in ce barka, kuka ya riga ni. Ba ta tambaye ni dalili ba, labarin zuciya a tambayi fuska. Ta jawo ni ta zaunar, ta karɓi salulata ta nuna mini inda ake dannawa. Yanzu duk mai fita ciyawa a danginmu, in tasa salular tana iyawa, sai na koya masa kafin ya ɗaura bijimi.

Abin da ya rage mini na Yaya ba yawa: ba'arsa, da wannan "'yar lakwal" da ba mai kirana da ita yanzu. Ƙyashin bai tafi duka ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ranar Juma'a Mariyama ta raka ni bayan dutsen nan. Na tsaya inda aka same shi na danna. Jan ɗigon ya fito nan take, ko daƙiƙa bai ɓata ba. Na ɗaga salular sama, ban san wa nake nuna wa ba, na ce, "Ga shi nan, a nan yake." Allah ya jiƙan Yaya Mutari, ya sa can ba a neman kowa.