Abdulghaffar da Baƙin Faifan da Na Ƙi Saurara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1446, daidai da 11 ga Fabrairu 2025, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina kuma maigidana a sana'a, Abdulghaffar Bawa, mai gyaran wutar mota a Khumra, nan kudancin Jidda. Ciwon zuciya ne ya kama shi yana tsugune a gaban wata mota, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mahaifiyarsa Inno, da matarsa Mastura, da 'yarsa tilo, Wejdan.

Abdulghaffar, tun da muka baro ka a makwancinka nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Abin yabonka ba ya ƙarewa, sai dai akwai wata magana da ta tokare mini a wuya, kuma na san ba zan iya yabonka da gaskiya ba sai na faɗe ta.

Bari in fara da alherinka. Na zo umra daga Tawa ina saurayi, na ƙi komawa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mini, ba wanda ya san sunan ubana. Kai kuwa haifaffen unguwar Karantina ne, nan Jidda, jikan mahajjatan da suka tako da ƙafa. Ka same ni a bakin masallaci ina tambayar inda ake neman lebura, ka dubi hannuwana ka ce, "Waɗannan yatsun na kama waya ne, ba na ɗaukar bulo ba. Yalla, biyo ni." Ka ba ni katifa a ɗakin saman gidanku, Inno ta sa ni cikin lissafin tukunyarta. Kai ka koya mini bin wayar mota da haƙuri har a gano inda ta ƙone, kai ka yi ta zirga-zirga har takarduna suka gyaru, kuma ban taɓa jin ka ba wani labarin ba.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa shiryawa a kansa ba, shi ne kiɗa. Kai naka na wasu Turawa ne masu kiɗan rok, na zamanin da, waɗanda gashinsu ke zuba har kafaɗa, shi ya sa na raɗa musu Masu Gashi. Ni nawa 'yan jitar hamadarmu ne, kai ma ka rama ka kira su Masu Rawani. Duk wanda ya taɓa kawo mota warsharmu, wato garejinmu, ya sha wannan gardama. Kana cewa nawa hanya ɗaya suke bi daga farkon faifai zuwa ƙarshe, kamar raƙumin da ya san rijiya guda. Ina cewa naka faɗa suke da kayan kiɗan, ba kaɗa su suke ba, mawaƙin kuma ihu yake kamar an matse masa yatsa a ƙofar mota.

Amma a nan ma ka fi ni adalci. Ka zauna ka saurari faifan Masu Rawani ɗaya bayan ɗaya. Ka ce na biyun ya fi, domin a gida suka naɗe shi, ana jin tafin mata da ƙarar janareta a baya, na huɗun kuwa, da suka yi a Turai, an wanke shi har ya rasa gishiri. Na yi ta musu, ko da yake a raina na san ka gano gaskiya. Su kansu Masu Gashi ba ka yi musu kara, kakan ce jan faifansu, wato mai jan bango, hayaniya ce ta samari, baƙin shi ne aikin manya, domin a nan mai ganga ya koyi yin shiru. Shekara da shekaru kana cewa, "Ya Jabiru, wallahi sau ɗaya bas, ka saurari baƙin nan har ƙarshe." Ni kuwa sai in tura yatsu a kunne, yaran warsha su yi ta dariya. Na mai da ƙin saurarensa wani abin alfahari.

Ranar da aka zo rushe Karantina, kai ka kwashe kayan maƙwabta tsofaffi kafin naka. Da muka ɗora firji da gadon Inno a bayan mota, sai ga ka da kwalin tsofaffin kaset a cinya, ka ƙi yarda a sa shi a baya. Inno ta harare ka ta ce ko ita ba ka riƙe ta haka ba.

Yanzu ga maganar da ta tokare ni. A rana ta uku ta zaman makoki, Inno ta kira ni ciki. Ta miƙo mini tsohuwar wayarka ta ce, "Jabiru, ya waladi, ka goge duk kiɗan da ke cikin jawwal ɗin nan, kar ya bi mini ɗa kabari. Ka cika shi da ƙira'a a riƙa sakawa a warsha, ladan ya je masa. Halas." Haka ake yi a nan idan mutum ya rasu, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce take neman wa ɗanta sauƙi.

Laifin nawa ne. Na buɗe katin wayar, na tarar ka raba komai wuri biyu, ɗaya da sunan Masu Rawani, ɗaya da sunan Masu Gashi. Na nawa na bi shi waƙa bayan waƙa, ina dubawa ko akwai abin da bai kamata ya ɓata ba, har na tura wa kaina faifan nan na biyu. Naka kuwa ko buɗe shi ban yi ba. Na ce ai na san abin da ke ciki, ihu ne. Na share katin gaba ɗaya, na cika shi da karatun Alƙur'ani har ba sauran wuri.

Bayan mako guda Wejdan ta zo warsha tare da mahaifiyarta. Ka san 'yarka, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai Larabci ya riga ta. Ta tattaro kalmominta ta ce, "Ammu Jabiru, ina darasin Baba? Yana cikin malaf na baƙin faifai."

Mastura ce ta yi mini bayani. Ashe tun yarinyar tana firamare, duk safiyar da za ka kai ta makaranta kakan kunna baƙin faifan a mota, ka tsai da shi bayan kowane baiti, ka fassara mata da Hausa, ta maimaita, wayar kuma tana naɗa, kana ajiyewa a cikin na Masu Gashi, wurin nan da na ƙi buɗewa. In ta yi kuskure ka yi dariya, daga nan ka zarce da labarin kakanka da yadda ya ƙetaro teku. Tsoronka kar Hausa ta ƙare a kanka a gidan. Kai mutum ne da ba ya son hoto, ba ya aika saƙon murya, don haka muryarka ba ta ko'ina sai a nan.

Na faɗa musu gaskiya a tsaye, ban rage komai ba. Na kai katin wurin masu gyaran waya a Ammariyya, suka ce da share shi kawai na yi da an ceto wani abu, amma karatun da na zuba ya hau kan komai. Da na koma da wannan amsa, Wejdan ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ma'alesh," sai ta tsaya, ta gyara, ta ce, "Ba komai, Ammu." Yadda ta ja kalmar, sak bakinka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya na nemo baƙin faifan, na rufe warsha da rana tsaka, na saurare shi har ƙarshe. Ba na jin Turanci, ban san abin da suke faɗa ba. Amma na ji wurin da mai gangan ya yi shiru, kuma gaskiyarka ce, Abdulghaffar, ya fi jan, ya fi na huɗun nawa nesa ba kusa ba. Da na ba ka wannan sa'a guda kana da rai, da na san darajar abin da ke hannuna ranar nan, da na buɗe kafin in goge.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inno, wadda ta rasa ɗa, da Mastura, da 'yan'uwa da abokan sana'a, da mutanen Karantina duk inda rusau ya watsa su. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Wejdan, Hausar bakina ba ta kai ta babanki daɗi ba, amma labaran kakan babanki da na ji a warsha suna nan a kaina, duk Juma'a bayan la'asar zan kawo miki su har sai kin ce ya isa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Abdulghaffar, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ladan kowane harafi da ke tashi daga wayar nan ya isa gare shi. Ka saka masa da Aljannar Firdausi saboda baƙon da ya ɗauka a bakin masallaci. Ni kuma, da na raba marainiya da muryar ubanta, Ka yafe mini, Ka ba ni tsawon ran da zan mayar mata da abin da ya sawwaƙa. Amin.