Kunnen Yaya Bitrus da Hedfon Mai Tsada

Duk masu cewa Yaya Bitrus ya fi kowa kunne a Kafanchan, an yaudare ku! Ku ji na yau.

Auwal mai shagon waya na neman wanda zai riƙe sauti a bikin ƙanwarsa, yayana kuma ya ƙwallafa rai. Muka je. Auwal ya fito da hedfon biyu masu tsadar gaske, ya ce ya gwada.

Yaya ya sa ɗaya, ya yamutsa fuska. "Bes ɗin ya mutu, ba a jin ganga. Bari in gyara da ikwalaiza."

Ya buɗe wannan manhajar daidaita sauti a wayarsa, ja nan, tura can, ya lumshe ido. "Yauwa! Ji ganga yanzu!"

Auwal ya karɓa. "Wallahi maigida, kamar an wanke waƙar!"

Na leƙa wayar. Jama'a, ikwalaizar a kashe take! Ba abin da ya canza!

Na ce, "Yaya, ka manta nan." Na danna, na kunna ta.

Ƙara ta tashi kamar injin niƙa! Auwal ya fizge hedfon yana salati. Aikin biki ya tafi.

A hanya Yaya ya saya mini tsire, wai in rufa asiri. Na cinye tas. Lahadi kuma mawaƙan cocinmu zan ba labari, tunda shi ke riƙe musu sauti.