Doña Zulma Techera Ta Rufe Rumfar Harsashi

Shekara ashirin da tara ke nan, duk wanda ya bi ta bayan gidan Doña Zulma Techera a ƙauyenmu Paso Ferrín da ƙarfe bakwai na safe zai tarar da ƙofar rumfarta a buɗe. Ta riga ta hura murhu, ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, na gefenta yana hucewa don ta manta da shi. A gabanta tire ne cike da kwanson harsashi, wanda mu masu kiwon tumaki muka harba, muka tsince, muka kawo mata ta sake cikawa. Sabon harsashi sai an je birnin Tacuarembó, kuma kwali ɗaya ya kai kuɗin tunkiya. Aladun daji kuwa watan haihuwa suke jira, su bi garke suna cinye 'yan raguna tun jikinsu bai bushe ba.

Zuba albarushi ba shi ke cin ranarta ba, gindin kwanso ne. Akwai ɗan gurbi a wurin, bai kai faɗin ƙwayar masara ba, inda ake dasa maɓallin wuta, wanda allurar bindiga ke duka ya kunna albarushin. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaga su a hasken taga. Wanda baƙin hayaki ya daskare a cikinsa, ta kankare. Wanda bakinsa ya lotse, ta gyara da ɗan ƙarfe mai kaifi. Tsoffin kwanson soja da aka matse bakin gurbinsu, ta buɗe su daidai. Duk waɗannan suna gyaruwa. Wanda ba ya gyaruwa shi ne gurbin da ya saki, ya yi faɗi saboda yawan harbi. Shi da babban yatsanta take gane shi. In ta tura maɓalli ya shige ba gardama, sai ta fitar da shi, ta ɗora kwanson a kan guntun ƙarfen layin dogo, ta sauke masa guduma. A gaban mai shi take yi.

Shi ya sa ba kowa ke sonta ba. Mai Guduma muke ce mata a bayan idonta, kuma ba da yabo muka fara faɗa ba.

Matasanmu ba su san yadda aka yi ta hau kujerar wannan sana'a ba. Ta mijinta ce, Aparicio, mutum mai tausayin kwanso. In gurbi ya saki, sai ya daddaki gefensa da ƙusa ya matse, ita kuma ta shafe da jan farcenta don maɓallin ya zauna. A Satumbar 1995, da hantsi, wani ƙaton alade ya fito masa daga duhuwar rafi. Harbin farko ya sami aladen a kafaɗa, bai faɗi ba. Da Aparicio ya ja zai ɗora na biyu, bindiga ta cije, don maɓallin harsashin farko ya fice daga gurbinsa ya faɗa cikin ƙarfen bindigar ya toshe. Aladen ya farke masa cinya. Mahaifina na cikin waɗanda suka ɗauko shi a kan ƙyauren shinge, kuma jininsa ya ƙare kafin su kai bakin titi. Kwana uku da binne shi, matarsa ta kwance bindigar a kan teburin cin abinci, ta zaro maɓallin da hantsaki. Da jan farce a jikinsa.

Sau ɗaya na ji ta taɓo maganar da bakinta, ranar da na yi mata rashin kunya.

Shekara takwas da suka wuce, aladu suka kashe mini 'yan raguna arba'in da ɗaya a mako guda. Wanda bai taɓa zagaya fili da safe yana tsintar kawuna da kofatai ba, uwayen na binsa suna kuka, ba zai gane halin da na je rumfarta ba. Tare muka je da maƙwabcina Wilmar Bentancur, kowa da jakar kwansonsa. Tawa Doña Zulma ta fara zazzagewa, kwanso sittin.

Na ce, "Doña, yau nake so, ko rabi ne."

Ta ɗauki na farko ta ɗaga a hasken taga. Guduma ta fara sauka. Ina tsaye ina ƙirgawa har ashirin da biyu.

"Haba Doña Zulma! Masu gwangwan kike tara wa tagulla ne? Wannan fa sau shida kacal na harba shi."

Ta miƙo mini kwanson da maɓalli. "Tura da kanka, ɗana. Ka ji yadda ya zurma?"

"To a matse mana. Kowa na matsewa."

"Ba a rumfar nan ba."

Raina ya ɓaci. Na ce mata tsohuwa ce mai taurin kai da ba ta da ko rago ɗaya a fili, shi ya sa asarar wani ba ta dame ta ba. Ta ajiye gudumar, ta dube ni.

"Na taɓa matsewa," in ji ta. "Da hannun nan na shafa wa na Aparicio jan farce. Har waƙa nake yi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Wilmar kuwa ya saɓa jakarsa tun ba a taɓa ta ba. "Nawa dai ba za su sha duka ba. Sai an jima, Doña, a gaishe da gudumar." Ya kai wa wani mutum a ƙetaren kogi wanda ba ya zubar da kwanso. Bayan kwana goma sha biyu Wilmar ya harba ɗaya, wuta ta tsiyaye ta gefen maɓallin ta dawo masa a fuska. Likitoci a birni suka cire idon dama.

Ranar da aka sallamo shi, Doña Zulma ta je gidansa. Ta karɓi sauran harsasan daga hannun matarsa, ta kwance su duka, ta cika waɗanda suka tsira ta mayar. Ta zauna ana zagayawa da ƙoƙon mate, ba ta ce uffan a kan abin da ya faru ba. Wilmar ne ya kasa jurewa.

"Doña, ki faɗa ki huta."

"In faɗi me? Ka tashi ka koyi harbi da kafaɗar hagu. Aladu ba su san ka kwanta asibiti ba."

Wata huɗu tana zuwa duk Asabar, ta tsaya a bayansa a gefen garke yana harbin gwangwani yana kuskurewa yana zagin kansa, har hannunsa ya faɗa.

Doña, ke ce wadda muka tsine wa a hanyar komawa gida, muka kuma dawo miki mako na gaba. Ke ce kika yarda a ƙi ki a kan tagullar da ba ta kai kuɗin burodi ba. Shekara ashirin da tara ba wanda harsashinki ya ci amanarsa, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi miki godiya, don mutum ba ya lura da masifar da ba ta same shi ba.

Watan jiya aka kawo mata kwanson da aka harba, kamar kullum. Tana ɗaga ɗaya a taga ta ga baƙin zobe kewaye da maɓallin, alamar wuta ta tsiyaye. Mai shi bai ma lura ba. Amma aikinta ne, da ɗigon koren fentin da ta sa wa duk abin da ta cika a makon farko na Yuli. Ciwon suga ya daɗe yana kashe mata yatsu, ta ɗauka babban yatsan bai kai ga mutuwa ba.

Ta aiko a kira ni. "Fagúndez, motarka na da mai?"

Harsashi ɗari da tamanin ta cika a makon nan. Kwana uku muka yi cikin ruwa da taɓo, gida goma sha ɗaya, ita ce ke sauka ta buɗe ƙyauren kowane shinge don ta ce zama na ƙara mata tunani. A kowane gida magana ɗaya take yi: "Na yi kuskure. Ku ba ni masu koren fenti." Mace mai shekara saba'in da uku, a tsakar gidan mutanen da ta sha fasa wa kwanso. Tsoho Don Casildo ya ƙi bayarwa.

"Zulma, naki ko ido rufe sai in harba."

"Abin da ya kawo ni ke nan. Miƙo."

Ɗari da saba'in da shida muka samo. Ta kwance su a gabana, bakwai gurbinsu ya saki. Ta jera bakwai ɗin a kan teburi ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta kashe murhu, ta fito, ta sa kwaɗo a ƙofar. Ba ta sake buɗewa ba.

Saura mako uku tumaki su fara haihuwa, an kuma riga an ga sawun aladu a bakin rafi. Na san da yawanmu za su koma cika nasu a teburin kicin. Ina roƙonku, in maɓalli ya shige ba gardama, ku fasa kwanson. Kada ku daddaka, kada ku shafa komai. Kuma ko a wace sana'a kuke, ranar da kuka gano aikinku ya ɓaci, ku bi shi gida gida kamar yadda ta bi nata.

Mun gode, Doña Zulma. Mun makara, amma mun gode.

Da na gaya mata zan rubuta wannan, ta ce ba ta son yabo, amma tunda na nace, akwai abin da dole in sa. Guda huɗun da ba mu samo ba, Don Casildo ya ba wani mai askin tumaki da ya wuce ta nan a watan Yuli. Canario ake ce masa, dogo ne mai gibi, an ce ya nufi wajen Salto. Duk wanda ya san inda yake, ya gaya masa: harsasan da ke da ɗigon koren fenti a gindi, kada ya harba su. Doña Zulma na jiran labari.