Motar da Na Ƙi Faɗin Aibinta

Shekarar da ciwo ya kama mini gwiwar hagu har na daina iya taka kuloci, na yanke shawarar sayar da motata. Tsohuwa ce, ta girme wa 'yata ta fari, amma ni na mayar da ita motar tsere da hannuna. Na cire kujerun baya, na sa mai walda ya kafa mata ƙarafa daga ciki saboda ko za ta kife, na sauke ta ƙasa har cikinta yana shafar ciyawa. Bayan girbi mukan fita da ita wani busasshen fili a bayan Bebeji. Idan na taka totur, har tumaki sai sun bar kiwo sun ɗago kai.

Dillali ya kawo mini wani Alhaji daga Ɗansoshiya, mai fataucin masara. Muka zauna a gindin mangwaron ƙofar gidana, yayana yana gefe a matsayin shaida. Kafin a yi ciniki yayan nawa ya ce, "To, ka san ƙa'ida. Faɗi aibinta."

Na ce lagireto yana ɗigar da ruwa, ƙofar dama kuma sai an ɗaga ta take rufuwa. Daga nan na tsaya.

Dillali ya ce, "Saura. Ba kujerun baya, ga ta a ƙasa, ga ƙarar salansa."

Wallahi sai da na ji jinina ya hau. Na ce, "Malam, wannan ba aibi ba ne, aiki ne. Damina uku na yi ina gyara ta. Ko za a shekara a nan, bakina ba zai kira shi aibi ba."

Alhaji ya yi dariya, mutumin kirki ne, ba ni da abin zarginsa. Ya miƙo hannu, na ba shi nawa, ya riƙe yana jiran in ce na sallama. Sai ya ƙara da cewa, "Kada ka damu, duk mai gyaruwa ne. Gobe zan sa a yanke ƙarafan, a ɗaga ta. Rashin kujerun ma ya yi mini daidai, buhu zai samu wuri."

Na zare hannuna. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na fasa."

Yayana ya kira ni mai taurin kai a gaban baƙo, ya ce gurgu da motar tsere sai ni. Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce.

Tana nan a gindin mangwaron, ina jiran wanda zai zo ya tambayi gudunta kafin ya tambayi cikinta. Duk Juma'a bayan masallaci nakan shiga in tayar da ita, in yi ta taka totur da ƙafar dama har maƙwabta su leƙo. Ko giya ɗaya ba na iya sakawa. Amma buhun masara bai taɓa shiga cikinta ba.