Na Karya Hannun Da Zai Ba Ni Ruwa

A wancan lokacin ni 'yar kasuwa ce mai ji da kanta. Ina da shagon gashin kanti a Wuse cikin Abuja, ina zaune a Dutse Alhaji, kuma duk layinmu an san ba a taka ni a wuce. Haka nake har ranar da na tashi daga shago bayan la'asar na shiga wata tasi mai kore da fari. Fasinja uku na tarar, har da wata mata da ta matsa mini da fara'a. Ashe 'yan wan-cans ne, ɓarayin nan masu shigar fasinja. Direba ya saki babban titi ya karkata wata 'yar hanya, na kusa da ni ya zaro adda daga ƙarƙashin kujera. Na ɗaga hannu in kare fuskata, ya sare ni tun daga gwiwar hannu har kusa da tafi. Matar nan ta danne mini wuya suka kwashe abin da za su kwashe, sannan suka turo ni waje mota na gudu.

Ciwo ya warke ya bar tabo, na ce wa kowa komai ya wuce. Yayata ta lura ko cokali ya faɗi sai na zabura, ta roƙe ni in je in ga likita. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce, ta kiyaye ni.

Bayan shekara biyu na tafi Vietnam sarin gashi, kuma gaskiya ƙasar ta shiga raina. Babura sun cika titi kamar tururuwa amma ba ka jin zagi. Da sassafe mutane na zaune a kan 'yan kujeru guntaye suna shan romo da taliyar shinkafa, kowane shago da turare a gaban hoton iyayen mai shi. Bayan gari kuwa gonakin shinkafa ne shar har inda ido ya tsaya. Matar da nake sayen kaya a wurinta tana jin Turanci, ita ta ce ba zan koma gida ban ga kogi ba. Da muka je, kwalekwalen da ke wurin ƙanana ne, don haka ta shiga na gaba, ni aka haɗa ni da wata tsohuwa 'yar firit da za ta tuƙa ni, mai malfa irin ta Fulaninmu sai dai tata ta fi tsini.

Rana ta yi zafi, ruwana ya ƙare. Na ɗaga mata robar ina yi mata alamar ƙishi zai kashe ni. Ta yi dariya, ta cire malfarta ta ɗora mini. Can sai ta bar jerin kwalekwalen ta karkata wani siririn rafi, ganyen itatuwa ya rufe samanmu, muryoyin mutane suka ɓace. Ta tsaya, ta sunkuya, ta zaro adda daga ƙarƙashin katakon da take zaune.

Wallahi ban ga tsohuwa ba, cikin tasin nan na gan ni. Na fizgi filafilin tuƙi na kai mata duka da iya ƙarfina. Na farko ya sauka a wuyan hannunta, har na ji ƙarar ƙashi. Na biyu ya fasa mata goshi ta faɗa cikin taɓo, kuma ban tsaya ba, na ci gaba da jibgarta ina ihu da Hausa cewa yau ba za su samu ba. Sai da kwalekwalen ya karkace na ga ɗanyar kwakwa uku sun gangaro daga ƙarƙashin katakon. Ashe cikin inuwa ta kawo ni, za ta fasa mini kwakwa in sha. Ihuna ya jawo maza daga gonaki. Ɗaya, wanda daga baya na ji ɗanta ne, ya shaƙe ni ya tura kaina cikin ruwa har na fara shahada a zuci. Muryar tsohuwar ce ta sa ya sake ni, tana kwance cikin taɓo jini ya rufe mata ido.

A asibiti 'yan sanda suka zo, ta ce musu santsi ne ya kwashe ta. Ɗanta ya yi ta faɗa, ba ta canja magana ba. Da suka fita ta yafito ni, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta bi tabon nan da yatsa daga farko har ƙarshe. Ta yi magana, mai sayar mini da kaya ta fassara.

"Ta ce wa ya yi miki wannan?"

Tun ranar tasin ban yi kuka ba sai a wurin. Likita ya ce ƙashin zai haɗe amma hannun ba zai sake riƙe filafili ba, alhali tun tana budurwa da tuƙin nan take ci. Na biya kuɗin asibiti, na bar abin da ya rage a jakata, amma na san hannu ba a sayensa.

Ina sauka Abuja na ce yayata ta kai ni wurin likitan da na ƙi. Abin da na gane shi ne, tsoron da na ɓoye bai mutu ba, jira yake ya sami wanda ya fi ni rauni. Don Allah duk wanda aka taɓa cuta, kada ya ce ya wuce don fata ta haɗe, ya nemi mai saurarensa. In kuma kun je ƙasar da ba ku jin yarenta, ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Waɗanda suka sare ni har yau ban san inda suke ba. Wadda na rama a kanta kuwa malfarta tana rataye a ɗakina, ko sunanta ban tambaya ba.